Dutse mai aman wuta: ɓarna kaɗai ya iya, ko akwai abin da ake mora?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar jogirafi ce a wata sakandaren 'yan mata a Gombe. Muna darasin duwatsu masu aman wuta, na ba su labarin garuruwan da toka ta binne da mutanen da suka hallaka, sai wata ɗaliba ta ce: 'To Malama, abin nan ba shi da wani amfani sai ɓarna? Kuma me ya hana mutane tashi daga gindinsa?' Na ce mata tokar tana gyara ƙasar noma, amma ni kaina amsar ba ta gamsar da ni ba. Don Allah a faɗaɗa mana."

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya yi wa ɗalibar nan albarka. Tambaya biyu ta haɗa: me ake samu a wurin dutsen, kuma me ya zaunar da mutane kusa da shi. Amsar da kika ba ta daidai ce, sai dai akwai abin da ya kamata a ɗora a kai, wato lokaci. Ɓarnar dutse mai aman wuta a yini ɗaya take faruwa, kowa ya gani, a ɗauki hoto. Amfaninsa kuwa yakan ɗauki shekaru, wani ɗaruruwa, wani miliyoyi, kuma sau da yawa wanda ya sha wuyar aman ba shi ne ke cin moriyarsa ba. Shi ya sa littattafan makaranta suke cika shafi da ɓarnar, su ba amfanin layi biyu.

Abin da ke faruwa a taƙaice shi ne, can ƙarƙashin ƙasa akwai wuraren da zafi ke narkar da dutse. Narkakken ya fi na kewayensa rashin nauyi, ga iska da tururi a cikinsa, sai ya riƙa neman hanyar sama ta tsage-tsagen ƙasa. In ya fito, ko dai ya malalo a narke da zafin da kan haura digiri 1,000, ko ya fashe ya zama toka da tsakuwa. A kula, tokar nan ba irin ta murhu ba ce, ba abin da ya ƙone ba ne. Dutse ne da ya farfashe ya zama gari. Duk wani amfani da zan lissafa daga abu uku yake fitowa: sabon dutsen da aka fito da shi sarari, zafin da ya rage a ƙasa, da iskar da ta hau sama.

Ƙasar noma

Ƙasar gona tana tsufa. Ruwan sama yana wanke sinadaran da shuka ke ci, shekara bayan shekara, har ta koma jar ƙasa ko rairayi marar ƙarfi. Mafi yawan ƙasarmu ta Arewa a kan tsofaffin duwatsu take, waɗanda aka daɗe ana wanke su, shi ya sa manomi bai isa ya yi wasa da taki ba. Dutse mai aman wuta yana kawo sabon kaya daga ciki: kalsiyam, magniziyam, fotasiyam, ƙarfe, da ɗan fosfaras. Biyu daga cikinsu, fosfaras da fotasiyam, su ne P da K ɗin da ke jikin buhun NPK. Ƙasar da ta samu daga toka kuma tana da taushi, tana riƙe danshi, garma na shiga ba wahala.

Misalin da na fi ba ɗalibaina shi ne tsibirai biyu maƙwabta, Jaba da Borniyo. Ruwan sama duk suna samu a wadace, zafi kusan ɗaya. Jaba, da ke Indunusiya, bai kai jihohin Borno da Neja a haɗe girma ba, amma mutum sama da miliyan 150 ne a kansa, ana girbin shinkafa sau biyu ko uku a shekara. Borniyo ya ninka shi fiye da sau biyar a faɗi, amma mutanensa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na mutanen Jaba ba. Akwai dalilai na tarihi da na mulki, amma babban bambanci shi ne Jaba cike yake da duwatsu masu rai da ke zuba wa gonaki sabuwar toka lokaci zuwa lokaci, Borniyo kuwa ba mai sabunta masa ƙasa. Wannan ita ce amsar tambaya ta biyu. A shekarar 2010 dutsen Merapi na Jaba ya kashe mutum sama da 300, kuma da ƙura ta lafa manoma suka koma. Ba wauta ba ce. Mutum ya auna hatsarin da kan zo jifa-jifa da yunwar da za ta same shi kullum in ya bar gonarsa.

Ba sai mun je nesa ba. A Kamaru, gonakin ayaba, roba, kwakwar manja da shayi da ke kewaye da Dutsen Kamaru duk a kan irin wannan ƙasa suke, kuma dutsen yana da rai, ya yi amai a 1999 da 2000. Barkonon Penja da ya yi suna har Turai, da tumatirin Fumbot da ake lodi zuwa manyan birane, albarkacinta ne. A Darfur, Jabal Marra tsohon dutse ne mai aman wuta, a kansa ake noman lemo da sauran kayan lambu, alhali ƙasan dutsen busasshiyar ƙasa ce.

Wanda ya fi burge ni kuwa shi ne na kogin Nilu. Tsaunukan Habasha tarin narkakken dutse ne da ya malalo kusan shekara miliyan 30 da suka wuce, ya daskare ya zama baƙin dutsen da muke kira basalt. Duk damina ruwa yana gurzarsa, Shuɗin Nilu ya kwaso lakar ya gangaro da ita Sudan da Masar. Baƙar lakar Jazira ta Sudan, inda ake noman auduga da dawa da gyaɗa, inda 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani da dama suka zauna tun zamanin tafiya Hajji a ƙasa, daga can ta fito. Manomin da ke Mai Wurno kusa da Sinnar bai taɓa ganin aman wuta ba, amma shi yake ci.

Mu ma muna da namu. Akwai layin duwatsu masu aman wuta da ya taso daga tsibiran Tekun Gini, ya bi ta Dutsen Kamaru da tsaunukan yammacin Kamaru, ya yi reshe zuwa Ngaundare, wani reshen ya nufo Biu. Tudun Biu kusan gaba ɗayansa basalt ne, kuma Tafkin Tila tsohon bakin dutse ne da ruwa ya cika. A Filato akwai jerin ƙananan duwatsu masu rami a ka a yankin Panyam da Kerang. Akwai tudun Lunguda wajen Guyuk, akwai Mambila inda ake noman shayi. Dutsen Wase da Dutsen Tangale na nan kusa da ku toshiya ce ta maƙogwaron tsohon dutse: narkakken ya daskare a ciki, jikin ya zaizaye ya tafi, ya bar ta a tsaye.

Idan muka fita aikin fili da ɗalibai, nakan tsayar da mota inda aka yanka tudu don hanya ta wuce. A nan ake ganin abin ido da ido. Can ƙasa baƙin dutse ne, in ka buga guduma ta yi tsalle tana ƙara. Sama kaɗan ya dunƙule ya zama ƙwallaye masu launin tsatsa, kana ɓare su da hannu ɓawo bayan ɓawo kamar albasa, sai a tsakiya ka tarar da baƙin nan da bai riga ya ruɓe ba. Sama da haka ya zama ƙasa ja mai duhu da ke manne wa yatsa, a kanta kuma ga masara ko dawa ta yi baƙi-ƙirin. A gefe za ka ga manomi ya tsince duwatsun ya jera su a kan iyakar gona, suna tare masa ruwa da zaizaya. Tsayin mutum biyu kacal, amma tarihin dubban shekaru ne.

Sai dai kada a gaya wa yara cewa da toka ta zuba sai albarka. In ta yi kauri, kashe shuka take yi, ta karya rufin ɗaki, dabbobi su ci ciyawar da ta lulluɓe su mutu. Siririyar toka a wuri mai ruwa da ɗumi tana iya shiga ƙasa cikin 'yan damuna, amma malalar da ta daskare takan ɗauki ɗaruruwa ko dubban shekaru kafin a sa mata fartanya, musamman inda ba ruwa. Kuma irin wannan ƙasa tana da wani hali na riƙe fosfaras gam, ta hana shuka, don haka manomanta ma suna sayen taki. Dankalin Turawan Filato ma, gaskiya sanyin tudun ya fi ƙasar tasiri a kansa, don mafi yawan Filato ba basalt ba ne.

Abin da ake haƙowa

Nan ne maganar miliyoyin shekaru ta shigo. Idan narkakken dutse yana hucewa a ƙarƙashin ƙasa, ruwan zafi yana zagayawa a cikinsa yana ɗibar ƙarafa yana tara su a tsage-tsage. Abin da yake warwatse har ba zai biya kuɗin haƙa ba, sai ya taru wuri guda. Kuzar Jos, Bukur da Riruwai haka ta samu. Duwatsun da ke ɗauke da ita saiwoyi ne na tsofaffin duwatsu masu aman wuta, waɗanda suka jeru daga Azbin a Nijar, ta Damagaram, har Filato da Nasarawa. Na Azbin su ne suka fi tsufa, na wajen Jos sun haura shekara miliyan 150. Saman ya zaizaye tuntuni, cikin ne muke gani. Jirgin ƙasan da ya hau Jos, da cincirindon leburorin da suka taho daga ƙasar Hausa suka kafa unguwanni a sansanonin haƙa, da lokacin da Nijeriya ke kan gaba a duniya wajen fitar da kolombait (wani ma'adini da ake samu tare da kuza) a shekarun 1950, duk daga nan ne. Har da ramukan da aka bari cike da ruwa suna cin mutane da dabbobi, wanda laifin masu haƙa ne, ba na dutse ba.

Zinariyar Obuasi a Gana da ta Liptako a yammacin Nijar tana cikin duwatsun da asalinsu aman wuta ne na sama da shekara biliyan 2. Daimon kuwa a zurfin da ya wuce kilomita 150 yake samuwa, kuma ba yadda za a yi ya iso hannun mutum in ba wani irin amai mai tsananin gudu ya ɗauko shi ba. Arzikin Botsuwana a kan irin waɗannan tsofaffin maƙogwaro yake. Tagullar Chile, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da ita, daga gindin duwatsun Andis take. Shuɗin dutsen ado da ake rububi a Mambila ma basalt ne ya fito da shi.

Akwai na kusa da hannu. Dutsen goge kaushi na asali, mai ƙofofi, marar nauyi har yana iya yawo a kan ruwa, kumfar aman wuta ce da ta daskare. Farar wuta ana sassaƙo ta a bakin wasu duwatsu; a Ijen ta Jaba mutane na ɗauko kilo 70 zuwa 90 a kafaɗa daga cikin ramin, cikin hayaƙi mai shaƙe numfashi, aikin da ba zan yi wa kowa fatansa ba. Basalt tsakuwa ce mai kyau ta titi da layin dogo. Rumawa kuma sun gano cewa in aka cuɗa toka da farar ƙasa ana samun siminti mai ƙarko har a cikin ruwan teku. Ƙubbar Fantiyon, wani tsohon gininsu a birnin Rum, mai faɗin mita 43, ta kusa shekara 1,900 a tsaye ba rodi ko ɗaya. Har gobe masu siminti a Kamaru da Kenya suna haɗawa da irin wannan toka don rage tsada.

Tururi da ruwa

Inda narkakken dutse yake kusa da sama, ruwan da ya nutse ƙasa yana zafi ya wuce tafasa. Sai a haƙa rijiya mai zurfin kilomita 2 zuwa 3, tururi ya taso da ƙarfi ya juya injin, a samu lantarki, a mayar da ruwan ƙasa ya sake zafi. A Lardarello ta Italiya aka fara gwadawa a 1904. A Afirka, Kenya ce ta yi zarra: ta kunna tashar Olkariya kusa da Naibasha a 1981, yanzu kusan rabin lantarkin da take samarwa daga tururin ƙasa yake. Abin da ya sa suka dage shi ne fari yana rage musu ruwan madatsu, irin abin da muke gani a Kainji da Shiroro da rani, shi kuwa tururi ba ruwansa da damina, ba ruwansa da dare. A Aisland, gida tara cikin goma da ruwan zafin ƙasa ake ɗumama su, har tumatir suke nomawa a rumfunan gilashi a ƙasar ƙanƙara. Matsalarsa kuɗin farko: rijiya ɗaya miliyoyin daloli ce, kuma ana iya haƙawa a tarar ba tururi.

Ta fuskar ruwan sha, dogon dutse yana tare gajimare. Debunsha da ke gindin Dutsen Kamaru tana samun ruwan sama kusan milimita 10,000 a shekara, kimanin ninki goma na Kano. Basalt kuma in yana hucewa tsattsagewa yake yi, ruwa ya shige ya taru tsakanin tsohuwar malala da sabuwa, ya fito a gindi tatacce. Ruwan roba na Kerang da aka daɗe ana sha a Nijeriya daga irin wannan maɓuɓɓuga yake. A aikin rijiyar burtsatse na ga yadda yake yaudara: nan a samu ruwa kamar da bakin ƙwarya, a matsa taku ɗari a haƙa har a gaji ba ɗigo, don ba a faɗa kan tsaga ba. Kada a haƙa a irin wannan wuri ba tare da an yi awo ba.

Muhalli

Masana sun tafi a kan cewa wani babban kaso na ruwan teku da iskar da ta fara lulluɓe duniya daga cikin ƙasa suka fito ta wannan hanya. Har yanzu duwatsun suna fitar da iskar kabon, basalt kuma in yana ruɓewa yana shanye ta, wannan kai-komo ne ya taimaka duniya ba ta daskare ba kuma ba ta ƙone ba a tsawon zamani. A Aisland an gwada narkar da iskar a ruwa a tura ta cikin basalt, kafin shekara biyu fiye da kashi 90 cikin ɗari ta zama dutse. Wasu kan ce ai duwatsun ne ke jawo ɗumamar yanayi. Ba haka ba ne: abin da ɗan Adam ke fitarwa a shekara ya ninka na dukkansu fiye da sau 60.

Babban amai ma sanyaya duniya yake yi na ɗan lokaci. Pinatubo ta Filifin a 1991 ta watsa hayaƙin farar wuta can sama ya tare hasken rana, zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu. Ni dai ba na sa wannan a jerin amfani. Bayan aman dutsen Tambora na Indunusiya a 1815 amfanin gona ya lalace a Turai da Amurka, bayan na Laki ta Aisland a 1783 kuma Nilu bai kawo ruwa sosai ba, aka yi yunwa a Masar. Sanyin da ke taɓa damina ba alheri ba ne ga manomin Sahel.

Namun daji sun fi mu cin riba kai tsaye. Tokar dutsen Ol Doinyo Lengai na Tanzaniya, mai ɗauke da sinadari irin na kanwa, ita ta gina filin gajeriyar ciyawa na Sarengeti inda ɗaruruwan dubban dabbobi ke zuwa haihuwa duk shekara. Gwaggon birin tsaunukan Birunga, da baƙi ke biyan dala 1,500 a Ruwanda don su gan shi na awa guda, a jikin duwatsu masu aman wuta yake zaune.

Inda maganar amfani ta tsaya

Ranar 21 ga Agusta 1986, Tafkin Nyos na Kamaru, wanda shi ma bakin dutse ne, ya saki iskar kabon da ta taru a ƙasansa. Ba wuta, ba toka. Iskar ta gangaro kwari da dare ta kashe mutum sama da 1,700 da dubban shanu, cikinsu har da Fulani makiyaya da kyakkyawar ciyawar wurin ta jawo. Daga 2001 aka fara sa bututu ana zuƙe iskar a hankali. Tafkin Kibu, tsakanin Ruwanda da Kwango, yana da irin wannan hatsari, kuma Ruwanda na zuƙo iskar gas daga cikinsa tana yin lantarki. A gaɓarsa kuma birnin Goma yake, wanda malalar dutsen Nyiragongo ta ratsa a 2002.

Akwai cutarwa marar hayaniya. A tsaunukan Habasha da Kamaru, noma ba takalmi a jar ƙasar aman wuta shekara da shekaru yana kawo wani irin tundurmi da ba sauro ke jawo shi ba, kuma takalmi da wanke ƙafa su ne rigakafinsa. A wasu sassan Kenya da Habasha ruwan rijiya yana da sinadarin da ke rina haƙora ya nakasa ƙashi. Bayanin magani na likitoci ne, ni iyakata ƙasa da dutse.

Kuma shiru ba mutuwa ba ne. Alhazai sun san baƙaƙen duwatsun da ke kewaye da Madina. A shekarar 654 bayan Hijira, wato 1256, ƙasa ta girgiza, wuta ta ɓullo kudu maso gabas da birnin, narkakken dutse ya yi tafiyar kilomita 20 da 'yan kai kafin ya tsaya dab da gari, malaman tarihi na lokacin sun rubuta labarin. Namu na Biu da Filato babu wani amai da tarihi ya riƙe, amma wasunsu a ma'aunin duwatsu yara ne, don haka sa musu na'urar sauraren motsin ƙasa ba almubazzaranci ba ne.

Game da ko za mu iya morar namu fiye da yadda muke yi, lantarkin tururi irin na Kenya ba na sa masa rai nan kusa, don zafin namu bai kusanto sama haka ba. Ɗumin ruwan Wikki na Yankari, digiri 31, na wanka ne, kuma ba daga aman wuta yake ba. Abin da na fi ganin yiwuwarsa shi ne garin dutse. A Barazil tun 2013 doka ta amince da niƙaƙƙen dutse a matsayin kayan gyaran gona, kuma basalt na cikin waɗanda aka fi amfani da su. Ƙurar da ke tulluwa a kwarin fasa basalt tana iya rage tsamin ƙasa ta ƙara mata kalsiyam da magniziyam. Amma ana zuba ta da tan-tan a hekta, aikinta a hankali ne, kuɗin mota zai iya cinye ribar in gonar na da nisa, kuma ba ta da sinadarin da yuriya ke bayarwa, don haka ba za ta maye gurbin taki ba. In makarantarku na da lambu, ku raba kunya biyu, ku zuba wa ɗaya, ku bar ɗaya, ku yi musu taki da ban-ruwa iri ɗaya, ɗalibai su riƙa auna abin da aka girbe damina uku a jere kafin a yanke hukunci.